FILIN KIƊA DA MAKAƊA: Jitar Da Ta Dace Da Kiɗan Hebi Metal

Ranar Asabar 5 ga watan Yuli na 2025, mutane kimanin 40,000 suka yi dafifi a filin ƙwallo na Villa Park da ke unguwar Aston, cikin birnin Bamingham na ƙasar Ingila, domin yin ban kwana da ƙungiyar makaɗan nan ta Black Sabbath. Mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar a wannan unguwa cikin 1968, watau Ozzy Osbourne da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, su ne suka hau dandali tare, abin da rabonsu da yi shekara 20 ke nan. Bayan kwana 17 da wannan taro sai mawaƙinsu Ozzy ya mutu yana da shekara 76. Masana tarihin kiɗa da yawa sun tafi a kan cewa waɗannan mutane su ne suka aza harsashin kiɗan da ake kira hebi metal, watau kiɗan ƙarfe mai nauyi, wanda ake gane shi da kaurin amo da gurnanin jita da ƙarfin ganga.

Matashin da ya ji wannan kiɗa ya yi sha'awar koyonsa, tambayar da ke fara zo masa ita ce wace jita zai saya. Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce, gama jitar lantarki kaya ce da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje, kuɗinta yana bin farashin dala, sau da yawa kuma abin da mutum ya daɗe yana tarawa ne zai zuba a kanta. Idan ya yi kuskure, ba lalle ne ya sami damar sake saye ba. Abin da ya kamata ya sani tun farko shi ne, surar jita da fentinta su ne ido ke fara gani, amma amon da yake nema yana fitowa ne daga wani ɗan abu da bai fi akwatin ashana biyu ba, da tsirkiyoyin da aka ɗaura, da kuma hannun mai kaɗawa. Tarihin Tony Iommi kansa ya isa shaida.

YATSU BIYU A MASANA'ANTA

Iommi yana da shekara 17 yana aiki a wata masana'antar yanka farantan ƙarfe a Bamingham. A ranar da zai bar aikin domin ya rungumi kiɗa sosai, sai inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Shi kuwa bahago ne, saboda haka hannun daman nan shi ne mai danna tsirkiya a wuyan jita. Ya fid da rai da kiɗa, har sai da wani shugabansa na wurin aiki ya sa masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta nakasa wa yatsu biyu cikin 1928 amma ya zama gwani na gwanaye. Daga nan Iommi ya narka robar wata kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsun huluna, ya lulluɓe su da fata. Da yake tsirkiyoyin jita na wancan zamani suna da kauri, suna yi masa ciwo, sai ya riƙa haɗawa da siraran tsirkiyoyin banjo.

A watan Oktoba na 1969 ƙungiyar ta shiga ɗakin ɗaukar faifai a Landan, inda ta ɗauki faifanta na farko cikin yini guda. Iommi ya je da jitarsa ƙirar Fender Stratocaster, amma bayan waƙa ɗaya sai maɗaukin amonta ya lalace, dole ya koma ga jitar da ya ajiye don ko-ta-kwana, ƙirar Gibson SG. Da ita aka ƙarasa faifan, wanda ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu na 1970, bai kuma sake rabuwa da irin wannan jita ba. A faifansu na uku, Master of Reality na 1971, ya sassauta tsirkiyoyin wasu waƙoƙi da mataki ɗaya da rabi domin yatsunsa su sami sauƙi, mai jitar bes ya bi shi, sai amon ya ƙara zurfi da duhu. Lalle wani hani ga Allah baiwa ne, domin dabarun da ciwo ya tilasta masa su ne makaɗan duniya suke kwaikwayo har yau.

YADDA JITA TAKE JIN TSIRKIYA

Jitar lantarki guntun katako ce marar rami, idan aka kaɗa ta ba tare da an haɗa ta da amfilifaya ba, da ƙyar na kusa zai ji. Abin da ke ba ta murya shi ne maɗaukin amo, wanda makaɗa ke kira fikof, yana nan a kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Cikinsa maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantar gashin kai, naɗi dubbai. Tsirkiyar ƙarfe idan ta yi rawa a kan maganaɗisun, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano cikin 1831. Wannan 'yar wuta ita ce ke bin waya zuwa amfilifaya, a ƙara mata ƙarfi, ta fita ta lasifika.

Maɗaukin Stratocaster naɗi ɗaya gare shi, mai zagaye wajen 8,000. Amonsa garau yake, mai zaƙi da tsini, irin wanda masu sauraron jitar Agadas suka saba ji a hannun makaɗa kamar Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar. Aibinsa shi ne, naɗin ba ya bambanta tsirkiya da wayoyin wutar gida. Wutar da ke cikin bango tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya da Ingila, sau 60 a Amurka, naɗin kuma yana kwasar wannan ya mayar da shi ƙugi. A kiɗa mai sanyi ƙugin ba ya damun kowa. Amma kiɗan metal ya ginu ne a kan tura amfilifaya fiye da ƙarfinta har amo ya yi kaushi, a nan kuwa duk abin da ya shiga sai an ninka shi, ƙugi da kiɗa baki ɗaya.

Maganin wannan matsala ya fito ne daga wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover, wanda ya nemi rajistar ƙirarsa cikin 1955, aka fara sa ta a jitar Les Paul cikin 1957. Ya jera naɗi biyu kafaɗa da kafaɗa, ya juya hanyar da wuta ke bi a cikin ɗayan, ya kuma juya fuskar maganaɗisun da ke ƙarƙashinsa. Ƙugin bango yana shiga naɗin biyu a lokaci guda, sai na wannan ya kashe na wancan, alhali kuwa amon tsirkiya haɗuwa yake yi ya ƙara ƙarfi. Shi ya sa aka sa masa suna hambaka, watau mai ture ƙugi. Bayan kashe ƙugi, amonsa ya fi kauri, tsininsa ya ragu, wutar da yake turawa ta fi yawa, waɗannan ukun kuwa su ne ainihin bukatar mai kiɗan metal.

Ya kamata a faɗi cewa SG ɗin da Iommi ya yi suna da ita a farkon shekarun 1970 ba hambaka gare ta ba, maɗaukin P-90 ne, mai naɗi ɗaya mai faɗi wanda Gibson ya fito da shi cikin 1946. Haka kuma Ritchie Blackmore na ƙungiyar Deep Purple da Stratocaster ya shahara. Saboda haka babu wata doka da ta hana. Sai dai kaushin amon da ake amfani da shi yanzu ya ninka na wancan zamani nesa ba kusa ba, don haka mai koyon da kuɗinsa bai wuce na jita ɗaya ba, abin da ya fi masa shi ne ya nemi mai hambaka a kusa da jaki, watau ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa kamar na garaya da goge. A wurin ne rawar tsirkiya ta fi tsauri, amon kuma ya fi fita a rarrabe.

MAI BATIR DA MARAR BATIR

Hambaka ma iri-iri ne. Na asali, wanda Gibson ya ƙera, kowane naɗinsa zagaye wajen 5,000 ne, maganaɗisunsa kuma na alniko ne, watau haɗin ƙarfe da alminiyam da nikel da kobal. Idan aka gwada shi da mitar masu gyaran rediyo yakan nuna om 8,000 ko kusa da haka. Cikin 1972 Larry DiMarzio na birnin Niyok ya fito da Super Distortion, mai ƙarin naɗi da maganaɗisun siramik, wanda ke nuna fiye da om 13,000. Dalilinsa shi ne amfilifayoyin lokacin ba sa yin kaushi sai an ƙure muryarsu, saboda haka aka bukaci maɗauki mai zafi da zai tunzura su. Kamfanin Seymour Duncan, wanda aka kafa a Kalifoniya cikin 1976, shi ma ya bi wannan hanya.

A nan ne 'yan kasuwa suke ruɗin mai saye da lamba, suna nuna masa cewa mafi yawan om shi ne mafi kyau. Lambar nan tana nuna tsawon waya da sirantarta ne kawai. Naɗi idan ya yi yawa, tsinin amo yakan dushe, gurnanin ya cakuɗe kamar kunun da ya yi gudaji, a kasa jin tsirkiya ɗaya daga 'yar'uwarta. Tun daga Marshall JCM800 ta 1981 zuwa na'urorin kwamfuta na yanzu, amfilifaya tana iya samar da kaushi da kanta, don haka maɗauki mai matsakaicin zafi yana wadatarwa.

Wata hanyar ita ce ta kamfanin EMG, wanda Rob Turner ya kafa cikin 1976. Maɗaukinsa naɗi kaɗan gare shi, sai aka sa masa 'yar na'urar ƙara ƙarfi a ciki, mai aiki da batir na bolt 9. Samfurin EMG 81 shi ne ya zama abokin tafiyar James Hetfield da Kirk Hammett na Metallica, da Kerry King na Slayer, da Zakk Wylde. Ƙuginsa kaɗan ne ƙwarai, amonsa a ɗaure yake, ya dace da kiɗa mai tsananin sauri inda ake danne tsirkiya da gefen tafin hannu. Masu sukarsa suna cewa yana daidaita bugu mai ƙarfi da marar ƙarfi, har hannun makaɗa ya riƙa kama da juna. Wanda ya zaɓe shi ya tuna cewa batir yana ci muddin waya tana soke a jikin jita, ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma idan batir ya yi sanyi amo yakan shaƙe a tsakiyar wasa. Haka nan wanda zai canja maɗauki ya sani cewa mamurɗin ƙara da rage murya dole ya dace: mai naɗi ɗaya yakan tafi da na om 250,000, hambaka da na 500,000, mai batir kuwa da na 25,000.

SURA DA TSAWO DA JAKI

Game da sura, labarin Eddie Van Halen abin lura ne. Ya sayi gangar jiki irin ta Stratocaster a kan dala 50, wuya kuma dala 80, ya fafe katakon da kurfi, ya ciro hambaka daga wata tsohuwar Gibson ya dasa a ciki. Kafin ya dasa sai da ya tsoma maɗaukin cikin narkakken kakin kyandir, domin naɗin da ke motsi yakan sa jita ta yi kururuwa idan aka ƙure murya. Faifan farko na ƙungiyarsa ya fito cikin 1978, kamfanoni irin su Charvel da Jackson da Kramer da Ibanez suka shiga ƙera jitoci a kan wannan tsari, har Ibanez ya fito da jerin RG cikin 1987. Jitoci masu tsini kamar mashi kuwa, Gibson ne ya fara su cikin 1958 da Flying V da Explorer, amma kasuwa ta ƙi su, har Flying V ɗin da aka fitar a shekaru biyun farko ba su kai 100 ba. Makaɗan baya ne suka ɗauke su domin kwarjini a kan dandali. Tsinin ba ya ƙara wa amo kome, ga shi kuma Flying V tana zamewa daga cinyar mai koyon da ke zaune.

Abin da ya fi sura muhimmanci shi ne tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki. Na Fender da galibin Ibanez inci 25.5 ne, na Gibson kuwa inci 24.75. Tsirkiya doguwa ta fi tsauri a murya guda, saboda haka idan za a sassauta ta domin zurfin amo, doguwar ta fi jurewa. Kaurin tsirkiya ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Jeri mai lamba 9 zuwa 42, ko 10 zuwa 46, ya isa ga ɗauri na yau da kullum. Wanda zai sauka mataki ɗaya ko biyu yakan bukaci 11 zuwa 54 ko fiye, in ba haka ba tsirkiyar za ta riƙa lilo tana dukan ƙarafan wuya. Iommi ya zauna a kan sirara ne saboda lalurar yatsunsa, da hannu mai sauƙin bugu. Masu son zurfi fiye da haka suna komawa ga jita mai tsirkiya bakwai, wadda Ibanez ya fitar da Steve Vai cikin 1990, ƙungiyar Korn ta yayata ta daga 1994.

Sai batun jaki. Floyd Rose ya sami rajistar ƙirarsa cikin 1979, jaki mai lilo a kan sifirin wanda ke kulle tsirkiya a kai da gindi, yadda makaɗi zai iya lanƙwasa amo da sanda ba tare da ɗauri ya kwance ba. Abin ban sha'awa ne a hannun gwani, amma wahala ce ga mai koyo, domin tsirkiya ɗaya idan ta tsinke sauran biyar duk sai su kauce, canja ɗauri kuma aiki ne na zama da haƙuri. Na jabunsa da ake sa wa jitoci masu araha, ƙarfensu yana cinyewa da wuri. Jaki kafaffe shi ya fi dacewa da jitar farko.

WUTAR GIDA DA ISKAR HUNTURU

Akwai abin da mai saye a ƙasar nan zai kula da shi fiye da na Landan. A yawancin jitoci ana haɗa tsirkiyoyi da wayar ƙasa ta amfilifaya domin rage ƙugi, ma'ana jikin makaɗi yana cikin da'irar. Idan ginin ba shi da wayar ƙasa ta ƙwarai, ko janareta aka ja wa waya biyu tsirara, ko kuma wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogi domin ya shiga soket, to wuta tana iya bi ta hannun mai riƙe da jita. Cikin watan Mayu na 1972 Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandali a garin Swansea, a gaban 'yan kallo, bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa daidai ba. Cikin 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, ya mutu a gidansa yana kaɗa jitar lantarki. Wanda ya ji tsirkiya ko makirufo yana ɗan tsikararsa, ya ajiye nan take ya kira mai gyaran wuta, gama rigakafi ya fi magani. Maɗaukin EMG yana da fa'ida a nan, tun da kamfanin ya ce ba a bukatar haɗa tsirkiyoyi da ƙasa, amma wannan bai ɗauke wajibcin gyara wayar gini ba.

Har ila yau, wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Amfilifayar gwanjo da ta fito daga can, idan aka soka ta ba tare da taransifoma ba, ƙonewa za ta yi. A dubi rubutun da ke bayanta kafin a biya. Katako kuma yana shan iska yana fitarwa, saboda haka jitar da aka saya a Legas da damina, idan ta sha hunturun Kano ko Sakkwato, wuyanta yakan motsa, bakin ƙarafansa su fito suna yankar hannu. A ajiye ta cikin akwatinta, nesa da rana, kada a bar ta a but ɗin mota.

KAFIN A MIƘA KUƊI

Sayen jita daga hoto cinikin biri a sama ne. Mai saye ya riƙe ta a hannu, ya sa ido daga kan wuya zuwa jaki ya tabbata wuyan bai murɗe ba. Ya danna kowace tsirkiya a kowane mataki ya saurari ko tana zuza. Ya haɗa ta da amfilifaya, ya ƙwanƙwasa ƙusoshin maɗauki a hankali da bakin sukudireba, layi biyun hambaka duka su amsa. Ya ƙure kaushin amo ya danne tsirkiyoyi da hannu, idan ta yi kururuwa duk da haka, to naɗin bai sha kaki ba. Ya murɗa kowane mamurɗi ya ji ko yana ƙaiƙayi. Tazarar maɗauki da tsirkiya ta zama wajen milimita biyu idan an danna a matakin ƙarshe, domin idan ya matso ainun maganaɗisu yakan riƙe tsirkiya ya gajarta amonta.

Jabun Gibson da Fender sun cika kasuwannin duniya, sunan da ke kan wuya kuwa fenti ne da kowa zai iya shafawa. Wanda aka yi wa tayin Les Paul sabuwa a farashin keke, ya san da walakin. Manyan kamfanonin suna da ƙananan sunaye na halal domin masu ƙaramin ƙarfi: Epiphone na Gibson ne, Squier na Fender, LTD kuma na ESP. Jita ta gaskiya daga cikin waɗannan, mai miƙaƙƙen wuya da kafaffen jaki da hambaka ɗaya, ta fi jabu mai babban suna. Maɗauki ana iya canja shi daga baya da ƙarfen dalma da rabin sa'a, wuyan da ya murɗe kuwa sai dai a yi haƙuri. Kuma kada a ƙarar da kuɗi duka a kan jita, a bar rabo mai kyau domin amfilifaya da waya mai kyau da tsirkiyoyin canji, tun da jita mai tsada a kan lasifika marar kyau ba ta fi mai araha daɗin ji ba.

Saura kuma aiki ne na yatsu, sa'a ɗaya ko biyu kowace rana, a fara a hankali kafin a nemi sauri, a kuma rage murya saboda kunne da haƙƙin maƙwabta. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, wannan fili zai duba amfilifaya mai kwalba da mai taransista, da abin da ya bambanta su a kunne da kuma a aljihu.